"Mi Kac Ce Sunanai?" Tarihin Abin da Ake Zuba wa Masa a Gwandu

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau tarihin namu ba na sarauta ba ne, ba kuma na yaƙi ba. Na kwanon karin kumallo ne. Kada ku yi saurin wucewa, domin a cikin kwanon nan za mu haɗu da Malam Abdullahin Gwandu, da wani Bature matafiyi, da wani bawan Allah da ya yi shekara 25 cikin bauta a Barazil, da kuma ɓarayin da suka yi satar da ba a taɓa yin irinta ba a Kanada.

Bari in fara da abin da ya jawo maganar. A ƙaramar sallar da ta wuce, taubashina, ɗan goggona da ke karatu a Kanada, ya zo gida Gwandu. Cikin tsarabarsa akwai wata 'yar kwalba mai siffar ganye, cike da wani ruwa ja-ja mai ɗan kauri. Ya ce sunansa ruwan meful, daga jikin bishiya ake tatso shi, kuma can da shi ake cin fanke da wata aba da suke kira waful, wadda ake gasawa a cikin ƙarfe mai gida-gida. Ya yi ta jaddada mana cewa wannan na ainihi ne, wai akwai na bogi mai arha da ake haɗawa da sukarin masara. Na ce masa to Bature, mu nan ba mu da waful, amma ga masa tana fitowa daga tanda da zafinta. Muka zuba a kai. Gaskiya abin ya yi daɗi, yana da wani ƙamshi kamar na sukarin da ya soma ƙonewa, kuma ya shiga ramukan masar nan ya zauna daram.

Sai muka kai wa Kaka. Ta lakata da yatsa, ta ɗanɗana, ta yi shiru. Can ta dube shi ta ce, "Maigida, mi kac ce sunanai?" Ya maimaita. Ta ce, "Kai dai an cuce ka kuɗin jirgi. Wanga ai maɗi na. Awa maɗin ɗunya da muka yi muna 'yan mata, sai dai namu ya hi shi baƙi."

Muka yi dariya, amma ni maganar ta tsaya mini a rai. Domin ni da taubashin nan, mu biyu, duk mun haura shekara 25, kuma babu wanda ya taɓa ganin maɗi da idonsa a cikinmu. Kalmar kawai muka sani, a ce abu ya yi zaƙi kamar maɗi. Shi ya san yadda ake yin na Kanada tun daga bishiya har kwalba, amma na ƙofar gidansu sai da tsohuwa ta tuna masa.

To mene ne maɗi? Ɗinya dai kun san ta, wadda mutanenmu na nan ke ce wa ɗunya, bishiyar nan mai 'ya'ya baƙaƙe da ke nuna wajen ƙarshen damina, wadda ake cin ɗanyen ganyenta da sunan ɗinkin. Yadda Kaka ta kwatanta mini, ana tara nunannun 'ya'yan da yawa, a jiƙa, a murje su cikin ruwa, a tace a fitar da ƙwallo da ɓawo, sannan a ɗora ruwan a wuta. A yi ta dafawa, ana juyawa, ruwa na tafiya, har ya koma baƙi mai kauri yana bin ludayi. Idan aka ƙara masa wuta ya ɗaure sosai, sai a ja shi ya zama alewa. Ba ɗinya kaɗai ba, ana yi da ruwan rake da na wasu 'ya'yan itatuwa.

Yanzu ku saurari yadda ake yin na Kanada ku gaya mini bambancin. A ƙarshen hunturu, wajen watan Maris zuwa Afrilu, lokacin da dare ke daskarewa rana kuma ta narke, sai a huda jikin bishiyar meful a sa ɗan bututu. Ruwan da ke ɗigowa kusan kamar ruwan sha yake, sukarin cikinsa bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. Sai a yi ta dafawa har sukarin ya kai kashi 66. Kusan lita 40 ake dafawa kafin a samu lita 1. Kuma ba Turawa suka ƙirƙiro ba, a wurin 'yan asalin ƙasar suka tarar da shi suka koya. Kun ga ashe Kaka ba ta yi kuskure ba. Su jinin bishiya suke dafawa, mu 'ya'yanta, amma hikimar ɗaya ce: a kori ruwa da wuta a bar zaƙi.

Mu koma Gwandu. Kowa ya san jama'ar Shehu Usmanu sun zauna a garin nan a 1805, kuma a nan aka tare rundunar da ta biyo su bayan wahalar Alwasa. Da aka raba kula da daula a 1812, ɓangaren yamma ya faɗo hannun ƙaninsa Malam Abdullahi, wanda ya rasu a 1829, hubbarensa kuma yana nan cikin gari. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne me mutanen garin ke ci. A nan ne Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya yi mana amfani. Ya iso Gwandu a watan Mayun 1853, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi. Halilu bai yarda sun gana ba, mutum ne mai gudun duniya. A zaman nan ne Barth ya samu kwafin Tarikhus Sudan ya kwashi abin da ya iya kwafa. Amma ya kuma buɗe ido ya dubi garin: kwari mai dausayi, ayaba, shinkafa a fadamu, da albasa wadda ya yaba girmanta da kyanta. Wato albasar da ake yankawa cikin ƙullun masa a yau, da shinkafar da ake jiƙawa, duk sun riga Turawan mulki zuwa. Ita shinkafar ma, irin tamu ta Afirka mai jan ɓawo, a kwarin kogin Kwara can ƙasar Mali aka fara noma ta, kusan shekara 3,000 da suka wuce.

To da me ake zaƙaƙa ta? Ba da farin sukari ba dai. Shi wannan Barth ya gan shi a kasuwar Kano a 1851, cikin jerin kayan Turai da raƙuma ke ratso Sahara da su, tare da siliki na Faransa, da yadin Manchester, da takarda, da allurai. Ku yi tunanin abin da ya taso daga Faransa, ya tsallaka teku zuwa Tarabulus, ya hau raƙumi wata da watanni. Wannan ba abin zuba wa koko ba ne. Kayan sarakuna ne da manyan attajirai, abin kyauta da magani. Sunan ma baƙo ne, daga Larabci muka aro "sukari", su kuma Larabawa ta hannun Farisawa suka samo shi daga Indiya.

Talaka zaƙinsa a daji yake da gona. Akwai garin ɗorawa, akwai takanɗa da rake a tauna, akwai dabino daga Azbin ga mai hali, akwai maɗi. Sama da su duka akwai zuma.

Zuma sana'a ce mai zaman kanta. Ana saƙa amya da ciyawa ko a fafe kututture, a shafe ta, a turara ta da abin ƙamshi don ƙudan zuma su shiga, a ɗaura ta can saman ɗorawa ko kaɗanya ko gawo. Waɗannan itatuwa da rani suke fure, shi ya sa zumar da aka ɗebo da bazara ta fi yawa da nuna. Da dare ake hawa, da damin ciyawa mai hayaƙi, kuma duk wanda ya taɓa gamuwa da ƙudan zumarmu ya san ba a banza Bahaushe ya ce zuma da zaƙi da harbi ba. Masa da zuma abincin girmamawa ne. Ita ake kai wa baƙon da ake ji da shi, ita ake yi wa mai jego da wanda ya sauke Alƙur'ani, ita ake rabawa sadaka ranar Juma'a a gidan da Allah ya hore wa. Ranar da ba haka ba, miya ce ko ƙuli da yaji.

Ga wurin da labarin ya fi kama ni. Kafin Barth ya iso Gwandu, a kan hanyarsa tsakanin Wurno da Sakkwato, ya ga wata 'yar gonar rake a gindin dutse. Aka gaya masa mai gonar wani Bafillace ne da ya yi shekara 25 yana bauta a Barazil, ya dawo gida, kuma ba noman raken kawai yake yi ba, har sukari yake fitarwa. Ku tsaya ku auna wannan. An kama mutum a ƙasar nan, an bi da shi har bakin teku, an tsallaka da shi. A Barazil, musamman yankin Bahiya, gonakin rake ne ke cinye bayi, kuma Hausawa na da yawa a cikinsu, har sun shirya tawaye a 1807. Shi wannan ya rayu, ya samu hanyar dawowa, ya zo da ilimin da aka koya masa da bulala, ya dasa shi a fadamar Sakkwato. Barth ya wuce abinsa, mu kuma da wannan 'yar magana muka san an yi shi.

Abin mamaki, daidai wannan bautar ce ta taɓa ɗaga darajar meful a Amurka. Wajen 1790, wani likita a Filadalfiya mai suna Benjamin Rush da wasu masu ƙin cinikin bayi suka yi ta kiran mutane su koma sukarin meful, don a karya kasuwar sukarin raken da bayi ke nomawa a tsibiran Karebiyan. Thomas Jefferson ya karɓi ra'ayin, har ya dasa itatuwan a gonarsa a 1791. Itatuwan ba su yi albarka ba, shi kansa kuma bai saki ɗaruruwan bayin da ke hannunsa ba. Yunƙurin bai kai ko'ina ba, sukarin rake ya ci kasuwa saboda arha. A can ma ya ci, a nan ma ya ci.

A wurinmu cin ya zo hawa-hawa. Zamanin mulkin Turawa, injin matse rake wanda doki ke zagayawa da shi ya bazu a ƙasar Zazzau, wajen su Maƙarfi, mazarƙwaila ta wadata ta shiga kasuwannin Arewa. Ita ma dafaffen ruwan rake ce da aka bari ya daskare, 'yar uwar maɗi ce ta jini. Sannan kantuna suka kawo sukari mai ƙwaya a kwali. A zamanin ne fulawa ta shigo da fanke, wanda sunansa ma daga kalmar Turanci ta wannan abincin da taubashina ke magana aka lanƙwaso shi, alhali funkason alkama muna da shi tun da. Bayan 'yancin kai aka kafa masana'antar sukari a Bacita ta jihar Kwara ta yanzu, ta fara aiki a 1964, daga baya aka yi ta Savannah a Numan. Duk da haka, fiye da kashi 90 cikin 100 na sukarin da Najeriya ke sha a yau ɗanyensa ake shigowa da shi a tace a nan gida, kuma mafi yawansa daga ina? Daga Barazil. Ƙasar da mutumin nan ya baro.

Ban ga laifin matan da suka bar maɗi ba. Wa zai kwana yana hura wuta a kan tukunyar ɗinya alhali da 'yan canji za a ƙullo masa sukari a leda? Itacen girkin ma yanzu kuɗi ne. Kuma ɗinyar tana ina? Kaka ta lissafa mini wuraren da suke zuwa tsinta a hanyar Kambaza, na bi wajen a kan babur, gonaki ne fetal, sai darbejiya jefi-jefi. Ɗinya katako ne mai kyau, ɗorawa da kaɗanya kuma masu gawayi ba sa raga musu. In babu itatuwan nan babu fure, in babu fure babu amya. Ga feshin maganin ƙwari da ba ya tambayar wane ƙwaro ne aboki.

Zuma ta yi ƙaranci, masu nemanta kuma sun ƙaru, domin kowa ya san matsayinta a addini da magani, ga sura guda a Alƙur'ani mai sunan ƙudanta. Duk inda aka samu haka, algus zai shigo. Ni kaina an yi mini. Azumin bara ina dawowa daga Kalgo na tsaya a wata tasha, wani ya nuna mini zuma a gora har da guntun saƙa da matattun ƙudaje biyu suna yawo a sama. Ya tsoma tsinken ashana ya ƙyasta, ta kama. Ya ɗiga a ruwa, ta nutse ba ta watse ba. Ya rantse. Na biya ina murna, domin mahaifina aka hana shan sukari, na ce ga abin da zai riƙa sa wa kunu. Kwana uku yana sha kafin Kaka ta ɗanɗana ta ce a zubar, dafaffen sukari ne aka ɗiga wa zuma don ƙamshi. Abin da ya fi ba ni haushi, da na je na tambayi ma'aikacin lafiya, sai ya ce ko da ta ainihin ce ma na yi kuskure, domin zuma ita ma sukari ce a jikin mai ciwon suga, sai da lissafi. Ya ƙara mini da cewa kada a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba zuma ko kaɗan, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Wannan na san zai yi wa wasunmu nauyi, don an saba lasa wa jarirai, amma na ji ya zama dole in isar.

Gwajin ashana da na ruwa, ku daina dogara da su. Duk abin da suke nunawa shi ne abu yana da kauri kuma ruwansa kaɗan ne, dafaffen sukari kuwa yana cika wannan sharaɗi. Haka masu cewa in zuma ta daskare ta yi tsaki-tsaki to ta bogi ce, ba haka ba ne, zuma ta gaskiya tana daskarewa, ya danganta da furen da aka yi ta da shi. Ma'aunin duniya ya ce ruwan da ke cikin zuma kada ya wuce kashi 20, sukarin rake kuma kada ya wuce kashi 5 a yawancin nau'o'inta, kuma wannan sai ɗakin gwaji. Kada ku ɗauka mu kaɗai ne. A 2023 Tarayyar Turai ta fitar da sakamakon binciken samfuri 320 na zumar da ake shigar mata da ita, kashi 46 aka yi zargin an yi musu haɗi.

Abin da ya bambanta mu da mutanen Kanada, a ganina, ba wayo ba ne kuma ba tsoron Allah ba ne. Su ma suna da ɓarayi. Lardin Kebek shi ke samar da kusan kashi 70 na ruwan meful na duniya, kuma manomansa suna da ƙungiya mai rumbun ajiya, su tara a shekarar yalwa su fitar a shekarar ƙaranci don farashi ya zauna. Tsakanin 2011 da 2012 wasu suka yi ta zuƙe gangunan rumbun nan a ɓoye, suna cika wasu da ruwa, har kusan tan 3,000, kimanin dalar Kanada miliyan 18. Asiri ya tonu ne ranar da mai ƙidaya ya taka wata ganga ya ji ta fayau, saura kaɗan ya faɗo. An kama su, an ɗaure jagoran. Amma ku lura, akwai mai ƙidayar. Akwai dokar da ta ce ba ka da ikon rubuta sunan meful a kwalba sai abin da ke ciki ruwan bishiyar ne zalla. Mai haɗa na masara yana sayar da kayansa, ba a hana shi ba, sai dai dole ya kira shi da wani suna. Ganyen bishiyar kuma tun 1965 yake kan tutarsu.

Mu ma ba baƙin wannan tsari ba ne. Daular da Gwandu ke riƙe da rabinta tana da muhtasibi, mai zagaya kasuwa yana duba mudu da sikeli da algus. Malam Abdullahi da kansa ya yi rubutu a kan hukunce-hukuncen saye da sayarwa don amfanin jama'ar gari. Kuma duk ɗan makarantar allo ya ji labarin ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, da abin da ya gaya wa mai kayan. Ni ban ce a hana kowa dafa sukari ya sayar ba. Wallahi da mutumin tashar nan ya ce mini, "Malam, maɗin sukari ne, ga farashinsa," da wataƙila na saya don yara. Sunan zuma da ya ɗora masa shi ne cutar, kuma a jikin tsoho mai ciwo ta sauka.

Yanzu dai na samu wani dattijo a wani ƙauye bayan Dalijan mai amya 14. Na je na tsaya aka sauke a gabana, na sha harbi biyu a wuya, na sayi saƙar na matse da kaina a gida. Ya ce da yana da fiye da 40, itatuwan ɗaurawa ne suka ƙare, kuma cikin 'ya'yansa babu mai sha'awar hawa.

Maɗi kuwa mun yi alkawari da Kaka. Na gano ɗinya guda biyu a wata gona, na yi magana da mai gonar, ya ce in ta nuna in zo in tsinta. Ta ce in nemo tukunyar ƙasa, ita ba za ta yi a ta dalma ba, kuma in tanadi itace mai yawa. Taubashina ya bar mana rabin kwalbarsa, na ɓoye ta don ranar, a zuba su gefe da gefe a kan masa ɗaya. In akwai wanda a garinsu har yanzu ake yin maɗi, ko na ɗinya ko na wani abu, don Allah ya gaya mana sunan garin da yadda suke yi, musamman yawan ruwan da ake zubawa, domin Kaka ta ce ita da ido take aunawa, idon kuma yanzu ya yi rauni.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.